Haruffan bayan mota, abin da na kwaso a fadarmu

Jiya da dare a fadarmu ta Birni, muna shan shayi, aka tayar da zancen haruffan da ake mannawa bayan mota, don ƙanena na shirin sayo mota daga Kwatano. Muna da bakanike a cikinmu, shi ya fi ba da haske.

Ya ce abu na farko ka san me take sha. HDi a Peugeot, D-4D a Toyota, CDI a Mercedes, TDI a Volkswagen, duk gazuwal ne, VVT-i kuwa esansi. Wallahi na taɓa ganin wanda ya ɗura esansi a D-4D, sai da aka sauke tankin gaba ɗaya, abin tausayi.

Peugeot 406, 4 ɗin girmanta ne, 6 zubinta. C220 ta Mercedes kuma a da injin wajen lita 2.2 ke nan, amma sababbin ba lallai lamba ta dace da injin ba. Land Cruiser ta masu hanyar Agadas, HZJ79, HZ ɗin injin 1HZ ne, gazuwal mai silinda 6, lita 4.2. LE da XLE na Toyota matakin kayan ciki ne kawai.

Inda aka fi jan kunne, haruffan nan da gam ake manna su, kowa na iya sakewa. Ka duba lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ka gwada da ta kart giris, wato takardar mallakar motar. In ta fara da J, Japan aka ƙera ta, VF3 kuma Peugeot ce. Ƙanena dai ya ce sai an turo mishi hoton shasin kafin ya aika ko dala.