Baradena suna ƙarewa a bakin mashi, ku ba ni shawara

Nura, Samaru:
Assalamu alaikum 'yan gida. Wata uku ke nan duk ranar Asabar nake hawa mota daga Samaru zuwa Tudun Wada, shagon ɗan baffana Yaya Sani mai gyaran kwamfuta. Idan ya rufe shago bayan la'asar sai mu haɗa kwamfuta biyu da waya mu buga Age of Empires II, gem ɗin yaƙi da ake gina gari a tara runduna, ana hawa zamani huɗu ɗaya bayan ɗaya, ni da shi. Ni Faransawa nake ɗauka, domin an ce mini dawakinsu sun fi na kowa jini, wato sun fi jure sara kafin su mutu. Shi kuwa ba ya sauka daga kan mutanen Mali.

Abin da ke faruwa kullum iri ɗaya ne. Da na shiga zamani na uku sai in gina barga biyu, in zuba duk zinaren da na haƙo a kan barade. Nakan tara kamar 20 in afka masa. Ina isa bakin garinsa sai in tarar da 'yan mashi a jere, da raƙuma kaɗan a bayansu. Kafin in ankara rabin dawakin sun zube. In sake tarawa, su sake zubewa, har zinaren kusa da gida ya ƙare, shi kuma ya shigo da Gbeto, matan nan masu jifa da wuƙa, su share mini manoma. Abin yana damuna ƙwarai, domin nakan riga shi shiga zamani na uku, amma a banza. Yaya ake haɗa runduna? Kashi nawa dawaki, kashi nawa 'yan ƙasa?

Abba, Kongo:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, zauna ka yi lissafi kafin komai. Barde ɗaya abinci 60 ne da zinare 75. Guda 20 ɗinka sun ci abinci 1200 da zinare 1500. Ɗan mashi kuwa abinci 35 ne da itace 25, ko ƙwayar zinare babu. Yayanka zai iya fito da 30 da abinci 1050 da itace 750. Kuma da zarar ya ɗaga su zuwa mataki na biyu, kowace suka tana da ƙarin 22 a kan doki. Barden Faransawa jininsa 120 ne, wato suka biyar ta ishe shi idan ba ka saya masa sulke a maƙera ba. Ka ga kai kana biya da abin da ke ƙarewa a ƙasa, shi yana biya da gona da daji. Ko da kun yi kunnen doki a fagen fama, shi ne ya ci riba.

Maganin ɗan mashi ɗan baka ne. Ka sa 'yan baka 15 a bayan dawakinka su riƙa tsince su daga nesa.

Hauwa, Sabon Gari:
Abba, lissafinka daidai ne, amma maganin da ka ba shi ba na wannan ciwon ba ne. Ka manta da wa yake yaƙi. Dakarun ƙasa na Mali da ke fitowa daga bariki suna samun ƙarin kariya daga kibiya kyauta, ɗaya a zamani na biyu, biyu a na uku, uku a na huɗu. Kibiyar da za ta huda ɗan mashin wata ƙabila, a jikin na Mali ƙarfinta raguwa yake sosai. Sannan Faransawa ba gwanayen baka ba ne, ba su da matakin ƙarshe na 'yan baka. In ya bi wannan hanya zai kashe zinare 45 a kan kowane maharbi, ya ƙare da runduna biyu duk masu cin zinare, kuma ɗaya ba ta da gaba.

Nura ƙanena, makaminka yana cikin fadarka ba ka duba ba. Faransawa suna da 'yan gatari, masu jifa da gatari daga ɗan nesa, kuma daga fada ake fitar da su. Abinci 55 ne da zinare 25 kacal. Abin da ya sa suka dace da kai shi ne, gem ɗin yana lissafa saransu a matsayin saran kusa, kamar na takobi, don haka kariyar kibiyar nan ta Mali ba ta aiki a kansu. Tun kana zamani na biyu ka tura mutum huɗu ko biyar su haƙo dutsen gina fada, fadar Faransawa ma ta fi ta sauran araha. Gatari a gaba ya sare 'yan mashi da raƙuma, doki yana gefe yana jira. Idan layinsa ya karye, sannan ka saki linzami.

Abba, Kongo:
Gaskiyarki Yaya Hauwa, na sha'afa da wannan. Na janye maganar baka.

Malam Ibrahim, cikin gari:
Tun faifan farko na 1999 nake buga wasan nan, lokacin Mali ma ba ta ciki, sai a 2015 aka ƙaro ta tare da Habasha da Barbar da Fotugal. Nura, ka tambayi kashi nawa kashi nawa, ni kuwa ina ganin tambayar ce ta ɓatar da kai. Babu wani awo da za ka haddace. Abin da abokin gaba ya fito da shi, shi zai faɗa maka abin da za ka fitar.

Ka taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan sallah? Ka lura da kyau, ba ka ganin mahaya su kaɗai. Ga 'yan lifida da 'yan sulke a kan dawaki, amma kewaye da su akwai dakaru a ƙasa, ga 'yan baka, ga 'yan bindiga. Yau ado ne, amma asalinsa tsarin fita yaƙi ne, kuma waɗanda suka tsara shi sun san doki kaɗai ba ya cin gari. Su kansu Faransawan da kake alfahari da dawakinsu sun ɗanɗana wannan. A 1302, a Kurtire da ke Beljiyam ta yau, manyan baraden Faransa suka yi sukuwa kan masaƙa da 'yan kasuwar yankin, wato Filandas, da ke tsaye a ƙasa da dogayen masu da kulake, a fili mai ramuka da taɓo. Aka yi musu mummunan kisa. Abin da yayanka ke yi maka duk Asabar ke nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki a bayaninka shi ne ka ce sai ka isa bakin garinsa kake ganin 'yan mashin. Ina ɗan leƙen asirin da ake ba ka tun farkon wasa? Kada ka bar shi a tsaye. Ya riƙa zagaya garin Sani. In ka ga barikin soja biyu, ka san mashi ne ke tafe. In ka ga barga, raƙumi ne. Kuma doki ya fi ɗan mashi gudu nesa ba kusa ba, to me ya kai ka tsayawa ka yi gaba da gaba da shi? Zagaye shi. Je ka wurin masu saran itace, je ka wurin masu haƙar zinare, kashe uku ko huɗu ka fice kafin masu su iso. Ya biyo ka nan, ka ɓulla can. Raƙuman ne kawai za su iya kamo ka, su kuma zinare 60 kowanne yake ci, ka ga ka tilasta masa kashe abin da yake tattali.

Sadik, Kwangila:
Tambaya ɗaya Nura. Lokacin da kake kai harin farko, ma'aikatanka nawa?

Nura, Samaru:
Kamar 35. Da na fara fitar da barade nakan daina yin su, don abincin ya isa.

Sadik, Kwangila:
To nan gizo ke saƙar. Ma'aikaci abinci 50 ne, daƙiƙa 25 ya fito. Cibiyar gari, inda ma'aikata ke fitowa, ba ta hutawa, ko ana cin wuta a ƙofarka. Da ka shiga zamani na uku ka ƙara cibiya ta biyu, itace 275 da dutse 100, in hali ya yi ka ƙara ta uku. A wasan da iyakarsa mutum 200, waɗanda suka iya sukan kai ma'aikata sama da 100. Da 35 ba za ka iya riƙe doki da gatari a lokaci guda ba, duk kyan shawarar Yaya Hauwa. Barde 12 da ƙarin da ba ya yankewa sun fi 20 da babu mai maye gurbinsu.

Kuma ka daina raba kuɗi a maƙera ko'ina. Sulken doki tukuna, sai ƙarfin sara, wanda doki da ɗan gatari duk suke amfana da shi.

Hauwa, Sabon Gari:
Ƙari ɗaya. In wasa ya yi tsawo zinare ya ƙare wa kowa, kai ne a sama. Faransawa suna da matakin ƙarshe na 'yan mashi, Mali ba su da shi, kuma ba su da babban barde na ƙarshe. Sai dai ka yi hattara da Farimba, binciken da ke cikin fadarsu a zamani na huɗu, yana ƙara wa dawaki da raƙumansu sara biyar. In ka ga ya tara raƙuma da yawa, kai ma fito da naka 'yan mashin, ba abin kunya ba ne.

Malam Ibrahim, cikin gari:
Kuma kayan tarihin nan da ke warwatse a fili, tura malamai su ɗauko su kai ɗakin ibada. Kowanne zinare yake ɗigo maka har wasa ya tashi.

Nura, Samaru:
Allah Ya saka da alheri, Malam, Yaya Hauwa, da ku duka. Jiya Asabar mun buga uku. Na farko na makara da dutse, fada ba ta tashi da wuri ba, ya ci. Na biyu ɗan leƙen asirina ya ga bariki biyu, na tsaya a barde 8 ina zagaya masu itacensa, na kai ma'aikata 70, 'yan gatari suka fito. Da idona na ga layin mashinsa yana narkewa, na saki dawaki a kan Gbeto, na ci. Na uku ya canja salo gaba ɗaya, ya bar mashi ya zo da majaujawa biyu a bayan raƙuma, dutse ɗaya ya kwashe mini 'yan gatari kusan goma da ke cunkushe wuri guda. Yaya Hauwa, idan majaujawa ta fito, warwatsa su zan yi, ko in tura dawaki su zagaya ta baya su karya ta?