Dumama ruwan wanka da zafin rana a ɗakunan kwanan ɗalibai 60

Mai_Gini: Salama jama'a. Ginin kwanan ɗalibai ne, mutum 60, kuma hita ce ke cinye yawancin wutar. Idan za a koma dumama ruwa da zafin rana, faranti mai kama zafin rana nawa ake buƙata, kuma wane irin tanki?

Injiniyan_Ruwa: Malam, fara da lissafi. A ƙaddara kowane ɗalibi lita 40 a rana, lita 2,400 ke nan. Ɗaga zafin lita ɗaya da digiri ɗaya yana cin wat-awa 1.16, don haka daga digiri 20 zuwa 60 kana neman kilowat-awa 111 kullum. Inda rana ke ba da kilowat-awa 5 kan murabba'in mita kullum, farantin yana kama kusan rabi, to kana buƙatar murabba'in mita 45 ko kusa da haka. Tanki kuwa, lita 50 zuwa 70 ga kowane murabba'in mita. Faranti ya fuskanci kudu idan ginin yana arewa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu. A tsari mai wannan girma kada ka dogara da ruwa ya zagaya da kansa, sa ɗan injin tura ruwa: ya tashi idan faranti ya fi tanki zafi da digiri 7, ya tsaya idan bambancin ya sauko 3.

Mai_Gyara: Lissafin Injiniya daidai ne, amma abin da ke kashe irin wannan aiki hutu ne. Ɗalibai sun watse, ba mai buɗe famfo, rana kuwa ba ta san an yi hutu ba. Faranti na iya wuce digiri 150, robobin mahaɗa su ƙone, bawul ya dinga feshin tururi. A lulluɓe yawancin farantan da tamfol ranar da aka kulle makaranta. Sai hitar ko-ta-kwana: a sa ta a saman tanki, da agogon da zai kunna ta da yamma kawai. In ta dumama tankin tun safe, ta riga rana yin aikin, kuɗin wuta yana nan yadda yake.

Hajiya_Lafiya: Kada a rage zafin tanki don tsimi. Ƙwayar cutar Legionella tana yaɗuwa tsakanin digiri 20 da 45, saboda haka tanki ya kai 60, sannan bawul mai surka ruwa ya sauko da shi kafin ya isa banɗaki, kada wani ya ƙone.

Mai_Gini: Allah ya saka da alheri. Batun hutun nan sam bai zo mini a rai ba.