Neman kalma: me za mu kira "raté" na injin jirgin ruwa?

Mai Shirin Masunta: Salamu alaikum ƴan uwa. Ran Alhamis zan naɗi shirin rediyo don masuntan tabkin Madarunfa da masu ƙetarar da mutane in Gulbin Maradi ya kawo, kan matsalar injin jirgi. Takardar da aka ba ni ta Faransanci ce, ko'ina "ratés d'allumage". Wato injin yana tafiya, amma jefi-jefi wuta ba ta kama mai, sai ya riƙa karkarwa, ƙarfi ya ragu. Me za mu ce da Hausa?

Sani Makaniki: Wa alaikumus salam Malam. Mu a gareji "rate" muke cewa, kowane yaron aiki ya san shi. In ka wuce Ɗan Isa ka shiga Jibiya ta Najeriya, can "misin" za ka ji.

Malama Rabi: Tari fa? "Injin yana tari." Ko tsohuwa za ta gane.

Sani Makaniki: A'a Malama, tari daban ne. Shi ne in injin ya tofo ta bakin karbiratur, galibi don mai bai ishe shi ba. Rate kuwa ta wajen wuta yake. In aka haɗa su a suna ɗaya, bawan Allah zai kwance karbiratur a bakin ruwa, ƙananan ƙarafa su zube a yashi, alhali buji ne kawai ya mutu. Mu buji muke fara cirewa. In ya fito baƙi, jiƙe, to man haɗi, wato man injin da ake garwayawa da fetur, ya yi yawa. Irin waɗannan Yamaha 15 da 40, tanki mai lita 25 rabin lita ya ishe shi, amma mutane suna ƙarawa wai don lafiyar injin. In bujin fes yake, a jingina shi da jikin injin a ja igiya, nesa da tanki. Shuɗiyar wuta mai ƙara tas-tas, lafiya lau. In ja ce mai rauni, a duba waya da bobin, wato naɗin wayar da ke ba buji wuta.

Malam Ɗan Gobir: Kun ji ko? Buji, bobin, karbiratur, rate. Ina Hausar take a nan? Tun 2025 aka rubuta a dokar ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma har yanzu muna bara a ƙofar Faransanci. Ni na ce "in'inar wuta". Buji kuma "ƙyastu", don aikinsu ɗaya, su fid da tartsatsi.

Sani Makaniki: Malam, da girmanka, amma in mai sauraro ya je Babbar Kasuwar Maradi ya ce a ba shi ƙyastu, hannu sake zai koma Madarunfa, jirginsa yana ɗaure.

Malam Ɗan Gobir: Yau zai koma hannu sake, baɗi ba zai koma ba. Jirgin sama ma da aka fara faɗinsa wani ne ya ƙirƙira. In rediyo bai fara ba, wa zai fara?

Bakatsine: Ni dai shawarata a bi daidaitacciyar Hausa. A ce fulogi, shi ne aka sani daga Katsina har Kano, masu jin sa sun fi yawa.

Malama Rabi: Fulogi Hausa ce, buji ba Hausa ba? Duk aro ne ɗan uwa, ku daga Ingilishi, mu daga Faransanci. Kuma ba za a koya wa Maradi Hausa ba. Katsinawan da suka bar Birnin Katsina bayan jihadi su ne suka kafa sarautar garin nan, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maradi.

Bakatsine: Ban raina kowa ba Malama, yawan masu ji nake magana.

Malam Ɗan Gobir: Da ku da su duk tafiyarku ɗaya. In'inar wuta dai. Ku faɗe ta da ƙarfi ku ji yadda ta zauna a baki.

Mai Shirin Masunta: Don Allah a dawo kan zance, lokaci yana ƙure mini.

Ɗan Masunci: Yanzu na karanta wa Baba duk abin da aka rubuta. Ya ce su "ɗingishi" suke cewa. Injin mai fistan biyu ne, in ɗaya ya daina kama wuta sai ya tafi da ƙafa guda, kana jin girgizar a hannunka ta sandar tuƙi. Ya ce kuma a gaya wa mutane maganar man ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da fetur a bakin hanya: a zuba kaɗan a farar kwalba a aje, in da ruwa zai kwanta a ƙasa. Ruwan nan ma yana kawo ɗingishi ko da buji sabo ne.

Sani Makaniki: Gaskiyar Baba. Sai dai ɗingishi alama ce, bai faɗi dalili ba. Ruwa a mai, toshewar karbiratur, ko an manta ba a buɗe ƴar hudar iska ta marfin tanki ba, duk suna kawo shi. Takardar Malam kuwa wuta take nufi. A ce "tsallaken wuta", tunda bugu ɗaya yake kamawa ya tsallake wani.

Malama Rabi: Wannan ta shige ni. Ta fi in'ina, don in'ina ba ta nuna me ya ɓace ba.

Malam Ɗan Gobir: Tsallake ya yi kama da wasan yara. Amma tunda Hausa ce, ba zan ja ba. Buji ne ban yarda da shi ba.

Mai Shirin Masunta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga yadda zan yi: ɗingishi ga abin da mai jirgi yake ji, tsallaken wuta in laifin buji, waya ko bobin ne. Zan ambaci "rate" sau ɗaya don su iya yi wa makaniki bayani. Buji zai tsaya buji. Malam, ƙyastu zan sa shi wajen bayanin aikin bujin.

Malam Ɗan Gobir: Bayani ba suna ba ne. Zan saurari shirin, kuma maganar bobin tana nan, ba mu taɓa ta ba.

Sani Makaniki: Malam mai shiri, kar ka manta ka ce kada a riƙe wayar buji da jiƙaƙƙen hannu ana jan igiya.