Koyar da noman rami da shimfiɗar kara a sabuwar ikilisiya, wa ya taɓa gwadawa?

MaiBishara_TudunWada:
Salama 'yan'uwa. Ina aikin bishara a wani ƙauyen Maguzawa a kudancin Kano, ikilisiyar sabuwa ce gidaje kaɗan ne, a rumfa muke sujada. Matsalar ita ce da an gama girbi matasa sai su watse ci-rani, saboda ƙasar ta gaji wuta-wuta ta cinye dawa kuma kuɗin buhun taki ya fi ƙarfin kowa. An kai mu wata bita kan Farming God's Way, wato noma ta hanyar Allah, wai ba huɗa ba ƙona gona, a haƙa ramuka a zuba taki a ciki sannan a lulluɓe ƙasa da kara da ciyawa. Na ji daɗin abin amma ina tsoron in kawo wa mutanen da suka gaji noma kaka da kakanni, ni da ban kai rabin shekarunsu ba. Shin yana ci a irin ƙasarmu? Kuma ya ake haɗa shi da dasa ikilisiya ba tare da an ce yaudara muke ba?

Baba_Fasto_Ritaya:
Ɗana, sannu da aiki. Kada ka fara da wa'azi a kai, fara da fartanya. Ka nemi ɗan fili bakin hanyar da mutane ke bi zuwa rijiya ko kasuwa, mita 6 sau 6 ma ya isa, ka yi shi tsaf kamar yadda aka koya maku, santimita 75 tsakanin layi da layi, 60 tsakanin rami da rami, ramukan a gama su tun da rani a zuba takin gida, ruwan shuka na sauka ka jefa ƙwaya uku daga baya ka tsuge ka bar biyu. Gefensa ka noma wani irin na gargajiya da iri ɗaya rana ɗaya. Sai ka yi shiru. Manomi ba ya sayen magana, zangarniya yake kallo.

Abin daga Zimbabwe ya fito, wani manomi Brian Oldreive ya fara shi a shekarun 1980, kuma can masara ce abincinsu, to ka lura gero da dawa sai ka gyara tazarar da kanka. Haɗa noma da bishara kuma ba baƙo ba ne a wurinmu, mutanen cocin COCIN a Filato sun yi shirin Faith and Farm tun zamanin Baturen mishan Peter Batchelor, cocin ECWA ma tana da sashen raya karkara. Masu bishara na farko ai da noma suke ci da iyalinsu, albashin bai taɓa isa ba.

Maman_Godiya:
Baba ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Masu kawo bitar nan suna maganar shimfiɗar kara kamar kara shara ce da ba mai so. A ƙauye kara dukiya ce fa, da shi ake danga da rufin rumbu, da shi muke hura wuta, harawar wake da ta gyaɗa kuwa kuɗi ce a hannu lokacin rani. Ka ce wa mace ta bar karanta a gona sannan ta tafi daji neman itace? Kuma ko kin bari, da an sako dabbobi bayan kaka awaki da shanu za su lashe shi tas, abin da ya rage gara ta ƙarasa. In ka ce za ka hana makiyaya shiga kuma ka jawo rigimar da ta fi ƙarfin ƙaramar ikilisiya, musamman a wannan zamanin. Ni na ga ya yi kyau a gayaunar mata ta bayan gida mai shinge, kuɓewa da yakuwa da masarar gashi, nan kam danshi na daɗewa ciyawa ba ta damu. Amma babbar gona ta gandu, ban yarda ba tukuna. Kuma haƙa rami a watan Maris ƙasa kamar dutse, wa zai yi? Matasan da kake son su yi suna Kano suna tura baro. Sai dai zumuntar mata su yi gayya.

Dan_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. Mama ta faɗi gaskiya kan kara, shi ya sa mu nan abin da ya karɓu shi ne sassabin zamani. Tony Rinaudo, ma'aikacin ƙungiyar mishan ta SIM ɗan Ostareliya, ya fara a Maraɗi a 1983: maimakon a sare tohon kututture lokacin sharar gona sai a zaɓi rassa masu ƙarfi a bari, a datse saura. Ba sayen iri ba ban-ruwa. Gawo ma da damina yake kakkaɓe ganye, ba ya tare wa gero rana, ga taki a gindinsa ga 'ya'yansa dabbobi na ci. Yau ana maganar hekta wajen miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram, kuma akasarin masu yi musulmi ne, ba wanda aka tambaya addininsa. Abu ɗaya da zan ja kunnenka, lokacin yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, da rabon ya ƙare da yawa suka sare itatuwan, waɗanda suka ga amfanin da idonsu su suka riƙe. Kar ka raba taki ko iri kyauta don a zo. Ramin kuma mu tassa muke cewa, mutanen Tawa sun daɗe da shi a kan fako, garar da Mama ke kuka da ita takin ramin take bi tana huda ƙasa ruwa na shiga.

Malamin_Gona:
Ni musulmi ne, aikin gona ya kawo ni nan. Malam in kana so a zauna lafiya ka fara gaida mai unguwa da sarkin noma da arɗo, ka faɗa masu ko kai waye da abin da ya kawo ka, kar ka ɓoye. Ranar koyo daban ranar cocinku daban, wanda ya zo koyon noma a sallame shi da noma. Da an ji ƙishin-ƙishin cewa sai an shiga coci ake samun horo shi ke nan an rufe maka ƙofa har ƙauyukan gaba. Kan wuta-wuta, ka juya shuka da waken suya ko wake, a tuge wuta-wutar kafin ta yi fure. Kuma ka tambaya gonar ta wace ce, mai gonar aro ba zai wahala ya gyara ƙasar da za a karɓe baɗi ba.

MaiBishara_TudunWada:
Na gode ƙwarai Baba, Mama, da ku duka. Filin bayan rumfarmu na aro ne daga wani dattijo, gobe zan je in ji ko zai bar mana shi shekara uku. Ɗan Maraɗi, tohon sabara da kalgo ma ana bari ko gawo kaɗai? Don su suka fi yawa a gonakinmu.