Kamun kifi a tafkunan dajin Minesota a watan Satumba: ina kifin yake komawa?

Ɗan Yauri ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina karatu a Minneapolis, kuma ni da abokaina uku mun sami takardar izinin shiga dajin Boundary Waters da ke arewa maso gabashin jihar Minesota a tsakiyar watan Satumba. Za mu shiga ta wajen garin Ely da kwalekwale biyu, mu kafa tanti a bakin tafki. A gidan masunta na tashi, a bakin Kwara, saboda haka ruwa ba baƙona ba ne, amma sun da na sani na taru ne da birgi, a nan kuwa doka ta ba mutum sandar fatsa ɗaya tak. A watan Yuni na yi ta kama kifin bas a gefen gaɓa a tafkunan da ke kusa da birni ba tare da wata wahala ba, sai dai wani mai sayar da kayan fatsa ya gaya mini cewa idan Satumba ya yi nisa ba zan same su inda na bar su ba.

Abin da nake nema daga waɗanda suka san wurin shi ne: idan sanyi ya fara shigowa, ina kifayen bas (bass) da wolai (walleye) da faik (pike) suke komawa, da wane koto ake samun su, kuma a wane lokaci na yini? Ina kuma son sanin ko ya dace mu dogara ga kifin da za mu kama a matsayin abincin dare, domin mu rage nauyin guzuri. Allah ya saka da alheri.

Baban Duluth ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Mai kayan fatsar nan gaskiya ya gaya maka, kuma dalilin yana cikin ruwan ne. A lokacin zafi tafki mai zurfi yakan rabu hawa-hawa: ruwan sama ya ɗumama, na ƙasa ya tsaya da sanyinsa, kuma ba sa gauraya. Da dare ya fara tsawo a Satumba sai ruwan sama ya riƙa hucewa, yawanci daga kusan digiri 18 ko 19 na ma'aunin Salsiyas a farkon wata zuwa 12 ko 13 a ƙarshensa. Ciyawar ruwa ta fara mutuwa, ƙananan kifayen da ke fakewa a cikinta su watse su nemi wani wuri, manyan kuma su bi su, domin wannan ne lokacin da suke cin abinci haiƙan kafin ƙanƙara ta rufe tafki. Don haka ka sayi ɗan ma'aunin zafi mai araha ka riƙa tsoma shi a ruwa kowace safiya, zai fi kalanda gaya maka halin da ake ciki.

Bari in fara da wolai, tunda shi ne abin alfaharin mutanen jihar nan, har sun mai da shi kifin jiha a hukumance tun 1965. Idan ka kama shi ka dubi idonsa, za ka ga kamar gilashi mai hazo. A bayan idon akwai wani shimfiɗi da ke mayar da haske, shi ya sa yake gani a duhu fiye da kifin da yake farauta, kuma shi ya sa rana tsaka a ruwa mai garau ba ta yi masa daɗi. Lokacinsa shi ne bayan sallar asuba zuwa hantsi, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana, wadda a tsakiyar Satumba take faɗuwa wajen ƙarfe 7 da 'yan mintoci a can. Ranar da hadari ya rufe sama, iska kuma tana ɗan kaɗa fuskar ruwa, yana iya ci yini guda.

Wuraren nemansa su ne tudun duwatsun da ke nutse a tsakiyar tafki, da bakin tsibiri inda ƙasa ta gangara cikin ruwa, da mashigi mai ƙunci tsakanin tafki da tafki inda ruwa ke gudu, da kuma ƙasan gangaren ruwa. Ka fara daga zurfin ƙafa 15 zuwa 25, da yamma kuma ka matso zuwa ƙafa 8 ko 10 a gefen da iska ke bugawa, domin can take tara abincin ƙananan kifi. Tafkunan da ruwansu ya yi launin shayi saboda fadamun da ke kewaye da su, kifinsu ba ya nisa ƙasa kamar na tafki mai garau. Abin da na fi amincewa da shi shi ne ƙugiya mai kan dalma, mai nauyin giram 4 zuwa 7, da ɗan ƙaramin kifi a matsayin koto. Ka sake ta har ta taɓa ƙasa, ka ɗaga kamar taƙi ɗaya, ka sake. Wolai ba ya fizga. Sau da yawa abin da za ka ji kawai shi ne zaren ya ɗan yi nauyi, kamar ya maƙale a ganye, to a nan ne za ka ja. Matsattsaku, wanda ake yawan amfani da shi a Yuli, yakan dunƙule a kan ƙugiya idan ruwa ya yi sanyi sosai, ya daina motsin da ke jawo kifi.

Bas na wannan dajin, wato mai ƙaramin baki, ba ɗan asalin yawancin tafkunan nan ba ne, zuba shi aka yi wajen shekarun 1930 da 1940, ya kuwa yaɗu. A farkon wata za ka same shi a kan duwatsun gaɓa idan rana ta ɗumama su da azahar, yana farautar wata halitta mai kama da jatan lande da ke ɓuya a ƙarƙashin dutse. Da ruwa ya ƙara hucewa sai su haɗu garke-garke su sauka kan tudun duwatsu masu zurfi. Ma'anar wannan ita ce za ka iya bin dogon gaɓa ba ka sami ko ɗaya ba, sannan ka dace da wuri ɗaya inda kowace jifa sai an kama. Idan ka yi minti ashirin shiru, ka tashi ka sake wuri.

Kada ku ɗauki anga ta ƙarfe, domin za ku riƙa ɗaukar kwalekwale da kaya a kafaɗa daga tafki zuwa tafki. Ku tafi da ƙaramin buhun raga da igiya, ku cika shi da dutse a bakin ruwa, in kun gama ku zubar da dutsen.

'Yar Katsina a Thunder Bay ta amsa:

Sannu da ƙoƙari, Baba, bayanin ya gamsar. Ina so in ƙara abu biyu daga wannan ɓangaren na Kanada, domin wasu tafkunan, irin su Basswood da Saganaga da Knife, iyakar ƙasashen biyu ta ratsa tsakiyarsu ne. Wanda ya tsallaka zuwa gandun Quetico na lardin Ontariyo ya shiga wata doka dabam: sai da izinin shiga Kanada da lasisin kamun kifi na Ontariyo, ba a yarda da koto mai rai ko matacce ba, ko tana ko kifi ko matsattsaku, kuma dole ƙugiya ta kasance marar ƙaya, ko a matse ƙayar da filaya. A kan ruwa babu shinge da zai nuna maka ka ƙetare, saboda haka ɗan'uwa ya riƙa duba taswira.

Wannan doka ta koya mana cewa koton roba mai siffar ƙaramin kifi, idan aka sa shi a kan ƙugiya mai kan dalma, yana kama wolai sosai a kaka. A nan na ɗan saɓa da Baba: ɗaukar ƙananan kifi masu rai a bokiti ana ratsa daji da su wahala ce babba, yawancinsu kan mutu a hanya, kuma zubar da ragowarsu a tafki haramun ne a doka, domin ta haka baƙin halittu ke shiga ruwan da ba nasu ba.

Abu na biyu shi ne juyewar ruwa. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4, don haka idan na sama ya huce har ya kusa daidai da na ƙasa, sai ya nutse, iska ta gauraya tafkin gaba ɗaya. A 'yan kwanakin nan ruwa yakan yi duhu, tarkacen ƙasa ya taso, wani lokaci har da ɗan wari, kifi kuma ya watse ya ƙi cin koto. Manyan tafkuna masu zurfi sukan kai Oktoba kafin su juye, amma matsakaita suna iya yi a ƙarshen Satumba. Idan kun tarar da haka, ku ɗauki kwalekwale ku koma tafkin da ke kusa, domin ba rana ɗaya suke juyewa ba. Kuma ina roƙon ku kada ku nemi wolai a ƙasa da ƙafa 30 in ba ci za ku yi ba: kifin da aka jawo daga irin wannan zurfin jakar iskar cikinsa kan kumbura, ko an sake shi da wuya ya rayu.

Mai Fatsa ya amsa:

Tunda ba a yi maganar faik sosai ba, bari in ɗauke ta, domin ni saboda shi nake jiran Satumba. Ɗan'uwa, tunda daga Yauri kake, ka ɗauke shi kamar tsage: dogon jiki, baki cike da haƙora masu kaifi, da kai hari kamar walƙiya. Ƙananansu suna cikin ciyawa duk shekara, amma manyan ba sa son ruwan ɗumi, sukan sauka zurfi a Yuli da Agusta, sai ruwa ya huce su dawo bakin gaɓa. Ka nemi ciyawar ruwa mai faɗin ganye wadda har yanzu take kore shar, musamman inda ta yi iyaka da zurfi. Wadda ta yi ruwan ƙasa ta fara ruɓewa ka wuce ta, babu komai a ciki. Koton ƙarfe mai siffar cokali, ja da fari ko ruwan azurfa, ya isa. Idan kuna tafiya daga sansani zuwa wani wuri, ka sake shi a bayan kwalekwale kana tuƙi a hankali. Dole ka ɗaura guntuwar waya tsakanin zare da koto, in ba haka ba zai datse zaren, kuma ka riƙe doguwar filaya ta cire ƙugiya, kada yatsa ya kusanci bakinsa.

A tafkin Basswood aka kama faik mafi nauyi a tarihin jihar, a 1929, mai fam 45 da oza 12, wato sama da kilo 20. Wolai mafi nauyi kuma, mai fam 17 da oza 8, an kama shi a 1979 a kogin Seagull inda yake shiga Saganaga. Irin waɗannan manyan yawancinsu mata ne masu ƙwai da yawa, kuma a ruwan arewa mai sanyi kifi yana shekaru kafin ya kai haka. Shi ya sa dokar shiyyar arewa maso gabas ta ce faik biyu kawai za ka riƙe, duk wanda tsawonsa ya faɗa tsakanin inci 30 da 40 a sake shi nan take, wanda ya wuce inci 40 kuma ɗaya tak. Wolai ma wanda ya wuce inci 20 ɗaya ne aka yarda. Wasu tafkunan suna da ƙa'idarsu ta musamman, saboda haka ka karɓi littafin dokoki na bana daga DNR, hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, lokacin sayen lasisi. Ni a ganina wolai mai inci 14 zuwa 16 ya fi daɗin ci, kuma manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu sun fi tara sinadarin makuri mai guba a jikinsu. Faik ma namansa fari ne mai daɗi, illa dai yana da jerin ƙayoyi masu rassa biyu da sai an koyi yadda ake yanke su.

Ɗan Yauri ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba da Yaya da Malam, na rubuta komai a littafi. Za mu tsaya a ɓangaren Amurka, kuma na yanke shawarar tafiya da koton roba da cokula. Saura tambayata ta ƙarshe game da guzuri, da kuma ko akwai wani abu game da yanayi da ya kamata in gaya wa abokaina, domin biyu daga cikinsu ba su taɓa shiga kwalekwale ba.

Baban Duluth ya sake amsawa:

Ɗana, ku ɗauki abincin da zai ishe ku ko da ba ku kama ko ɗaya ba. Idan iskar arewa mai sanyi ta biyo bayan ruwan sama, sama ta washe tas, kifi yakan yi kwana ɗaya ko biyu bai ci ba, kuma akwai ranar da igiyar ruwa za ta hana ku fita daga sansani gaba ɗaya. Ba a yarda da abincin gwangwani ko kwalba a dajin ba, don haka ku zuba shinkafa da garin kunu da mai da yaji a leda ko roba.

Maganar abokanka ta fi damuna. Kada a haɗa sababbin biyu a kwalekwale ɗaya. Kai ka zauna a baya da ɗaya, wanda ya iya tuƙi ya ɗauki ɗayan. Kowa ya sa rigar ceto a jikinsa, a ɗaure, duk lokacin da kuke kan ruwa, har da kai da ka iya iyo, domin ruwan digiri 13 yana kashe ƙarfin hannu da ƙafa cikin ɗan lokaci, kuma a yawancin dajin babu sabis na waya. Ku ƙetare manyan tafkuna da sassafe kafin iska ta tashi, ku riƙa bin gefen gaɓa. Dare yana iya kaiwa ga daskarewa a tsakiyar Satumba, saboda haka ku nemi kayan ulu da rigar ruwa, ku ajiye busassun tufafi a jakar da ruwa ba ya shiga. Auduga idan ta jiƙe sanyi take ƙarawa.

Ku tambayi ofishin gandun daji na Ely ko an hana hura wuta, ku kuma tafi da ɗan risho. Gobarar Pagami Creek ta 2011, wadda tsawa ta tayar a Agusta, a ranar 12 ga Satumba ta ɓarke da ƙarfi, ta cinye sama da eka 90,000. Kifi kuwa ku gyara shi nesa da tanti, ku kai kai da hanji cikin daji aƙalla ƙafa 200 daga gaɓa da sansani, sannan ku rataye jakar abinci a reshe mai tsawo ko ku sa ta a mazubin da beyar, wata babbar dabbar daji, ba ta iya buɗewa, domin a wannan watan ita ma neman ƙiba take yi kafin barcin hunturu.