An kori ƙarar diyyar rigakafi a Amurka: wa zai biya lauya?

Hadiza: Assalamu alaikum. Masana shari'a, ku fahimtar da ni. A shirin diyyar illar allurar rigakafi na Amurka, in an kori ƙara ba a ba mai ƙara ko sisi ba, wa ke biyan lauyansa?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, malama. Asusun shirin ke biya, wanda ake tarawa daga harajin santi 75 kan kowace cuta da allura ɗaya ke karewa. Dokar 1986 da ta kafa shirin ta hana lauya karɓar ladan aikinsa daga hannun mai ƙara. In an ci nasara, biya dole ne. In an kori ƙarar, sai alƙalin musamman da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki ya ga dama, kuma sai an cika sharaɗi biyu: kyakkyawar niyya da hujja mai tushe. Niyya ba a cika musu a kanta ba. Rigimar tana kan hujja, don abin da ke cikin fayil ake dubawa: shaidar an yi allurar, takardun asibiti da ke nuna ciwon, da cewa illar ta wuce wata 6, ko ta kai ga kwanciya asibiti da tiyata, ko mutuwa.

Barista Ummi: Haka ne, Malam. Lauyoyi da yawa a kan lokaci suke zamewa. Wa'adin shigar da ƙara wata 36 ne daga alamar farko. A shari'ar Cloer ta 2013, Kotun Ƙoli ta ce ko ƙarar da aka kora don makara tana iya samun kuɗin lauya. Amma a shari'ar Simmons ta 2017, kotun ɗaukaka ƙara ta ce lauya ba zai fake da "wa'adi ya kusa ƙarewa" ya shigar da fayil wayam ba. Kuma hujja kan gushe a tsakiyar tafiya: ranar da ta bayyana ra'ayin ƙwararren likitan da mai ƙara ya dogara da shi ba shi da madafa, duk aikin da ya biyo baya yana iya tafiya a banza.

Hadiza: To in an amince, duk abin da lauya ya rubuta ake ba shi?

Barista Ummi: Ina! Yana da kwana 180 bayan hukunci ya miƙa takardar nema, da lissafin awoyi da rasit. Ana ninka awoyi da farashin awa, sannan a datse. Aikin sakatare, kamar tsara fayil, ba a biya. Lokacin tafiya galibi rabin farashin awa ake biya. Wanda ya dunƙule ayyuka biyar a layi ɗaya ya rubuta awa 7, an fi yanke masa, don alƙali ba zai gane me ya ci lokacin ba. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 ya nemi a sake dubawa.

Malam Sani: A kula, allurar korona tana ƙarƙashin wani shiri ne daban, kuma shi ba ya biyan lauya sam.