Gadar jirgi ta gaɓa-gaɓa: wa ya yi aikin, me ya gani?

Mai buɗe zance: Salamu alaikum. Tunda dogo daga Kano ya doso Maradi, kusan kilomita 284, matasanmu na shantiye na ta tambaya kan gadar da ake zuba gaɓoɓinta a ƙasa a ɗora bisa ginshiƙai, irin ta jirgin ƙasa na cikin birnin Dubai da aka buɗe a 2009. Waɗanda suka yi aikin, ku taimaka mana.

Injiniyan wurin zubi: Wa alaikumus salam, Malam. Gaɓa ɗaya kan kai mita 3, kuma a jikin wadda ta riga ta ake zuba ta, don haƙoransu, wato tudu da ramin da ke fuskar kowace gaɓa, su shige juna daidai. Sai an shafa ruwan sabulu da hoda a fuskar tsohuwar, in ba haka ba wajen rabawa haƙora su ɓalle. Zafinmu na Afrilu da Mayu shi ne abin tsoro. Ɗumin sabon kankare yana lanƙwasa tsohuwar gaɓa, sabuwar ta ɗauki lanƙwasar ta bushe da ita, a sama kuma ka tarar da giɓi. Ku yi zubi da dare, ku rufe da jiƙaƙƙun buhuna kwana 7, musamman lokacin hunturu da iska ke tsotse ruwa.

Mai awo: Gaskiya ne, Injiniya. Awo kuwa da asuba, kafin rana ta taɓa ƙarfe. Milimita 2 da aka ƙyale a gaɓar farko kan zama santimita a ƙarshen zango.

Shugaban masu ɗaure: Ƙannena, ku kula da gam ɗin efoksi da ake manne gaɓoɓin da shi. Da zarar an gauraya shi cikin zafi, saurin daskarewa yake, don haka a kwaɓa na mahaɗa ɗaya kawai, a shafa, a matse da sandunan wucin gadi har ya tsatso ta ko'ina. Wanda ya ɓulla cikin tiyo, wato bututun da ke cikin gaɓa inda ake zura igiyoyin ƙarfen da ke ɗaure gaɓoɓin, a share shi nan take, don in ya bushe igiya ba ta wucewa. Bayan nan a ja igiyoyin ƙarfe masu kaurin milimita 15.2 da jak, a gwada miƙewarsu da lissafi. In bambancin ya haura kashi 5 cikin ɗari, a tsaya a bincika.

Inda aka fi sakaci shi ne ɗura kunun siminti cikin tiyo don ya rufe igiyoyin. Kunun ya yi ruwa, ruwan ya taru a wuri mai tudu, igiya ta yi tsatsa ba wanda ya gani. Kada a toshe mafitar iska sai kunun da ke fita ya yi kaurin wanda ke shiga.